Kafin Manyan Su Iso

A Jamus, wajen ƙarshen shekarun 1920, idan sojoji suka fita atisaye yaran makaranta kan bi su a baya da fensir a hannu. Abin da ke jan yaran shi ne tankokin yaƙin sojojin, domin na tamfol ne da katako, wasu an ɗora su a kan ƙananan motoci, wasu kuma ƙarti ne ke tura su da ƙafa. Yaro sai ya lallaɓo ya soka fensir ya huda tamfol ɗin, ya kafa ido ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Heinz Guderian, wanda daga baya ya zama babban janar, shi ya ba da wannan labari da kansa, kuma daga yadda ya ba da shi ka san abin ya daɗe yana yi masa ciwo.

Doka ce ta kai su ga tamfol. Yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda aka ɗora wa Jamus bayan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ƙayyade mata soja 100,000, ta kuma haramta mata mallakar tankar yaƙi ko da guda ɗaya. To amma mai son abu ba ya rasa hanya. Suka ƙulla da Tarayyar Sobiyet a ɓoye, aka buɗe makarantar koyon tanka kusa da birnin Kazan a 1929, can cikin Rasha inda idon Faransa da Ingila bai kai ba. A gida kuwa, duk tankar da za a gwada sai a rubuta ta a takarda da sunan tarakta. Akwai babbar tarakta, akwai ƙarama. Wanda ya bi takardu zai rantse ƙasar ta duƙufa noma ne, alhali ko kunya ɗaya waɗannan taraktoci ba su taɓa yi ba.

Janar Oswald Lutz da mataimakinsa Guderian sun san abin da suke so, kuma gaskiya tsarinsu mai kyau ne. Tankoki iri biyu suka tsara: ɗaya mai igwar fasa sulke da za ta kara da tankokin abokan gaba, ɗaya mai igwa mai faɗin baki da za ta mara mata baya. Su ne daga baya aka sani da Panzer III da Panzer IV. Matsalar ita ce masana'antun Jamus ba su taɓa ƙera irin wannan abu da yawa ba, sojojin kuma ba su taɓa tuƙa shi ba. Sai aka ce to, a samo wata 'yar ƙarama mai araha, direbobi su koyi hannu, maƙera su koyi walda, hafsoshi su koyi jan runduna. Na ɗan lokaci ne, kafin manyan su iso. Kamfanin Krupp ya ɗauki aikin, ya kwaikwayi ƙafafun wata 'yar tankar Ingila ta Carden-Loyd, aka yi mata rajista ita ma da sunan motar noma. A 1934 ta fara fitowa daga masana'anta. Ita ce Panzer I.

Ya kamata a matso kusa a dube ta. Tsawonta kamar mita huɗu, nauyinta tan biyar da ɗoriya. Mutum biyu take ɗauka. Direba na ƙasa, kwamanda na sama a cikin 'yar hasumiyar da ake juyawa da hannu, kuma shi kwamandan nan shi ne mai leƙen hanya, shi ne mai harbi, shi ne mai ɗura harsashi idan ya ƙare. Makaminta mashinga biyu ne masu cin harsashi irin na bindigar sojan ƙasa, milimita 7.92. Sulkenta inda ya fi kauri milimita 13 ne, kaurin ɗan ƙaramin yatsanka ke nan. An yi shi ne don ya tare harsashin bindiga, ba a taɓa cewa zai tare na igwa ba. Injin Krupp da aka sa wa na farko ƙarfin doki kusan 60 gare shi, iska ke sanyaya shi, kuma yawan ɗaukar zafi ya sa dole aka tsawaita jikinta aka sa mata injin Maybach mai doki 100. Na farko-farkon ma babu hasumiya a kansu, a buɗe suke, ɗalibai na zaune suna shan iska. Duk wannan babu aibu a ciki, tunda abin koyo ne. Waɗanda suka ƙera ta ba su yi wa kowa ƙarya a kan abin da za ta iya ba.

Sai mai gida ya gan ta. An kai Hitila filin gwaji na Kummersdorf, aka wuce da babura da motoci masu sulke da 'yan tankokin nan a gabansa cikin sauri da tsari, ya cika da murna, ya ce abin da yake nema ke nan. A watan Maris na 1935 ya yi fatali da sharuɗɗan Versailles a fili, a watan Oktoba aka kafa rundunonin tanka uku na farko. Daga nan fa sai fareti. Ana jera Panzer I sahu-sahu, an wanke an goge, ƙasa na rawa, jama'a na ɗaga hannu, masu ɗaukar hoto na gefe. Hoto kuwa ba ya nuna kaurin ƙarfe. Jakadun ƙasashen waje suka riƙa aika wa gida da labarin ƙarfin Jamus, jaridu suka ɗauka, har ta kai masu faretin su ma sun fara yarda da abin da suka shirya don wasu su gani. Kafin a daina ƙera ta a matsayin tankar faɗa an yi kusan 1,500. Abin koyo ba ya bukatar wannan adadi, amma fareti na bukata.

Manyan fa? Suna nan tafe. Panzer III ta tsaya a kan matsalar ƙafafu da giya, ana ƙera goma a gwada, a sake zane, a ƙera goma sha biyar. Da aka ga jiran ya yi tsawo sai aka sake zama aka yanke shawara mai hikima: a samo wata ta ɗan lokaci da za ta riƙe wa ta ɗan lokacin farko wuri. Haka aka haifi Panzer II, mai mutum uku, nauyi kusan tan tara, da 'yar igwa mai milimita 20, sulke kuwa milimita 14.5. Ita ma an rubuta ta a matsayin motar noma. Mai karatu kada ya ɗora mini abin da ban faɗa ba. Labarin Jamus nake bayarwa, ƙasa mai nisa, shekaru kusan casa'in da suka wuce.

Gargaɗi na farko daga Sifen ya zo. Da yaƙin basasa ya ɓarke a can a 1936, Hitila ya tura wa Janar Franco jirage da tankoki, Sobiyet kuma ta tura wa gwamnatin jamhuriya nata. A watan Oktoba Panzer I ta sauka, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Wilhelm von Thoma, kuma kafin shekara ta ƙare ta yi arba da T-26 ta Rasha a kewayen Madrid. T-26 ita ma ƙaramar tanka ce, sulkenta ba wani abin kirki ba ne, sai dai tana da igwa mai milimita 45. Harsashin mashingar Jamus, ko da na musamman ne mai fasa ƙarfe, ba ya huda ta sai an matso kamar mita ɗari da 'yan kai. Da masu T-26 suka gane haka sai suka daina matsowa. Su tsaya can nesa, su saita, su harba. Wanda ke cikin Panzer I yana ganin mai kashe shi sarai, yana da bindiga biyu a gabansa, amma babu abin da zai yi da su.

Har ta kai ɓangaren Franco ya sa ladan peseta 500 ga duk wanda ya kamo T-26 da lafiyarta. Mutanen Sifen suka gwada ɗora igwar Breda ta Italiya mai milimita 20 a kan Panzer I, suka yi guda huɗu, sannan suka bari, domin tankokin Rasha da aka kamo sun wadatar. Wato rundunar da Jamus ta zo taimako, da kayan abokan gaba take kare kayan Jamus. Rahotanni sun tafi Balin, kuma an karanta su, don Jamusawa ba sa wasa da takarda. Amsar dai ba ta canja ba: ai an sani, na ɗan lokaci ne, manyan na hanya.

Gargaɗi na biyu ko harbi babu a cikinsa. A watan Maris na 1938 aka umarci runduna ta biyu ta tankoki ta tashi daga Würzburg ta shiga Ostiriya, wadda Hitila ya haɗiye. Da suka isa Passau a bakin iyaka sai aka tarar kwamandan rundunar, Janar Veiel, ba shi da taswirar Ostiriya, ba shi da man da zai ƙarasa. Littafin jagoran 'yan yawon buɗe ido aka nemo aka bi hanya da shi, mai kuma aka riƙa sha a gidajen mai na kan titi. Aka yi wa tankokin ado da ganye da tutoci, mutane na jifan su da furanni, su kuwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gefen hanyar Biyana. Guderian da bakinsa ya amsa cewa tankoki sun lalace, sai dai ya ce ba su wuce kashi 30 cikin ɗari ba. Wasu janar-janar sun ce abin ya fi haka nesa. An gyara sha'anin makanikai da na mai bayan wannan, a ba su haƙƙinsu. Tankar dai tana nan yadda take.

Su hafsoshin suna lissafin akwai sauran lokaci, domin a watan Nuwamba na 1937 Hitila ya yi musu zancen 1943 zuwa 1945 a matsayin wa'adin ƙarshe. Sun manta cewa mai gidan da ya ga jama'a na tafi ba ya jiran wa'adi. Abin da ya rufa musu asiri kayan mutane ne. A watan Maris na 1939 suka mamaye ƙasar Cek, suka tarar da tankokin Škoda sama da 200, suka tarar kuma kamfanin ČKD na Prag ya gama shirin fitar da wata sabuwa. Duka biyun ƙanana ne, amma igwarsu milimita 37 ce, daidai da ta Panzer III da ake ta jira. Aka shafa musu fentin Jamus, aka ƙara mutum na huɗu a ciki, aka kira su Panzer 35(t) da Panzer 38(t). Masu cewa jininsu ya fi na kowa, ƙirarsu ta fi ta kowa, da ƙirar mutanen da suka raina suka shiga yaƙi.

Ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da suka auka wa Polan, ga abin da ke rumbu: Panzer I 1,445, Panzer II 1,223, Panzer IV 211, Panzer III kuwa 98. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kam ranar tafiyar ta zo gorar ma ba ta nuna ba. Domin sojojinsu su riƙa gane juna, wani mai basira a ofis ya sa aka zana babban farin gicciye a gaba da gefen kowace tanka. Maharban Polan suka gode, don an nuna musu daidai inda za su saita. Cikin 'yan kwanaki yaran da ke cikin tankokin suka riƙa kwaɓa laka suna shafe alamar, wasu suka mayar da ita rawaya. Bindigar fasa sulke ta Polan, wadda mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa, tana huda Panzer I da Panzer II. Runduna ta huɗu da ta kutsa unguwannin Waso ranar 9 ga wata ta sha wuta ta ja da baya. Amma Polan ta faɗi cikin makonni biyar, Sobiyet ta sare ta daga baya, kuma a ranar murna babu mai son jin zancen milimita.

Kada a ɗauka tausayin sojojin Hitila nake nema musu. Yaƙin zalunci suka tafi, garuruwan mutane suka ƙona, kuma da tankokinsu sun fi haka kyau da ɓarnar ta fi haka yawa. Abin da nake bi a labarin shi ne tazarar da ke tsakanin wanda ya sa hannu a takarda da wanda aka rufe wa murfin ƙarfe a ka.

Faransa ce ta ƙarasa ruɗa su. A watan Mayu na 1940 sun shiga da Panzer I 523 da Panzer II 955, fiye da rabin abin da suka kai fage ke nan. Faransawa na da Char B1 mai sulken milimita 60. A ƙauyen Stonne, ranar 16 ga Mayu, guda ɗaya tak, ta Kyaftin Pierre Billotte, ta ratsa layin Jamusawa ta farfasa tankoki 13, aka ƙirga tabon harsashi 140 a jikinta, ta koma gida da ƙafarta. A Arras kuma tankar Matilda ta Ingila ta tsorata Janar Rommel na Jamus. Duk da haka Faransa ta durƙusa cikin makonni shida. Abin da ya ci yaƙin shi ne tara tankoki wuri guda, da rediyo a cikinsu, da jirage a sama, da hafsoshin da aka bari su yanke shawara a fage, ga kuma janar-janar ɗin Faransa da saƙo kan kwana kafin ya iso gare su. Aikin mutane ne ya rufe aibin kaya. To amma da aka zo rabon yabo sai mai gida ya ɗauka shi ne gwanin, kayansa kuma babu kamarsu. Ya ba da umarni a ninka rundunonin tanka daga goma zuwa ashirin, aka cika umarni ta hanya mafi sauƙi: aka raba tankokin kowace runduna kusan biyu. A takarda ƙarfi ya ninka.

Rommel da ya sauka Turabulus a farkon 1941, da 'yan Panzer I a cikin kayansa, ya san darajar ido. Wani hadiminsa ya ba da labarin yadda aka sa tankoki suka riƙa zagaya unguwa suna sake wucewa ta gaban 'yan kallo don a ga yawa. Ya kuma sa kafintoci suka ƙera na katako da tamfol a kan motocin Volkswagen. Shi aƙalla abokan gaba yake yaudara, kuma ya san yaudara yake yi.

Ranar 22 ga Yuni 1941 suka shiga Rasha, har yanzu da ɗaruruwan Panzer II da sauran Panzer I da tankokin Cek a sahun gaba. A can suka gamu da tankokin T-34 da KV-1, waɗanda ko Panzer III da aka yi shekaru ana jira harsashinta zamewa yake yi a jikinsu. Wani yaro ɗan shekara 19, Otto Carius, yana aikin ɗura harsashi a cikin Panzer 38(t) ranar 8 ga Yuli lokacin da igwar Rasha ta same su. Sulken wannan tanka da ƙusoshi aka haɗa shi maimakon walda, kuma idan aka doke shi ƙusoshin da ɓarɓashin ƙarfen kan tarwatse zuwa ciki. Carius ya fito ba wasu haƙoransa, mai rediyonsu ya rasa hannu, kuma ya ce gutsattsarin tankarsu sun fi harsashin kansa yi musu illa. Da hunturu ya shigo, Panzer 35(t), wadda giyarta da birkinta da iska suke aiki, ta daskare. Kayan gyaranta kuwa an daina ƙerawa tun tuni, sai a kwance ɗaya a tayar da ɗaya, har aka rasa ta kwancewa.

Sai aka kafa kwamiti. A watan Nuwamba na 1941 injiniyoyi da manyan masana'antu da jami'an ofishin makamai suka taso takanas zuwa rundunar Guderian don su ga T-34 da idonsu. Hafsoshin fage suka ce a kwaikwaye ta kawai a huta. Kwamiti ya ce ba zai yiwu ba, injinta na dizal da alminiyom aka yi, ƙarfen ma babu irinsa a wadace. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma girman kai. Kwamiti ya koma gida, sanyi ya ci gaba da aikinsa a bakin Mosko.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Panzer I samfurin F. An ce mata sulke ne babu, to ga sulke: aka lafta mata milimita 80 a gaba, nauyinta ya tashi daga tan biyar zuwa 21, gudunta ya faɗo zuwa kilomita 25 a awa. Makami fa? Mashinga biyu, kamar ranar farko. Aka ƙera guda 30 sannan aka soke sauran odar. An amsa rabin ƙorafin da aka kawo tun daga Madrid, bayan shekara biyar, an bar rabin da ya fi kashe mutane. Panzer II ma an yi mata sabon zubi mai suna Luchs, mai gudun kilomita 60 a awa don leƙen asiri. 800 aka yi oda, 100 aka samu.

Inda ƙananan nan suka yi amfani na gaskiya shi ne bayan an haƙura an daina kiran su tankokin faɗa. Aka cire hasumiyar Panzer I aka ɗora igwar Cek mai milimita 47, wasu aka mayar da su motocin kwamanda da na dakon harsashi. A kan ƙafafun Panzer II aka ɗora babbar igwa mai milimita 105 aka samu Wespe, wadda sojoji suka yaba. Ƙafafun 38(t) kuwa sun ɗauki Marder III da Hetzer har ƙarshen yaƙi. Da yawan Panzer I da suka tsira an mayar da su makarantun koyon tuƙi, aikin da aka yi su dominsa tun 1934.

Lutz, wanda ya fara ɗaukar nauyin shirin, an sallame shi tun 1938, ya mutu a 1944 ba tare da an ji ta bakinsa ba. Guderian kuwa Hitila ya tuɓe shi a watan Disamba na 1941, ya dawo da shi a 1943 a matsayin babban sufeton rundunonin tanka, ya ƙara masa girma a 1944. Bayan yaƙi Amurkawa suka tsare shi, suka sake shi a 1948 ba tare da an gurfanar da shi ba. Ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa, littafin ya karɓu, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. A ciki nasarori nasa ne, kurakurai na Hitila ne da tsofaffin janar-janar masu taurin kai. Da ya zo kan Panzer I sai ya ce a 1932 babu wanda ya taɓa tsammanin wata rana da wannan 'yar tankar koyo za a shiga yaƙi. Ya mutu a 1954, shekarar da sojojin Sifen suka ajiye sauran Panzer I ɗinsu, bayan tankokin Amurka sun iso.